Kwaɗon da Ba a Gani Ba

Sababbin injiniyoyi tara ne a ɗakin horo, kowa da hular kwano sabuwa fil a cinya. A gabansu shugaban sashen kare haɗari na masana'antar taki yake tsaye, wanda ma'aikata ke kira Baba Kwaɗo a bayan idonsa. Mutum ne da ko famfon banɗaki za a gyara, sai ya je da ƙafarsa ya ga an garƙame.

Duk shekara labari ɗaya yake ba sababbi. Shekara goma sha ɗaya da suka wuce aka tura wani makaniki ya kwance bututun asid. Ƙa'ida ita ce injiniya ya rufe bawul, wato marufin bututun, ya rataya masa jan kwaɗo, sannan ya sa hannu a takardar izinin aiki. Takarda ta nuna an yi. Sai wani ya tarar da bawul ɗin ba kwaɗo, ya murɗe shi, asid ya wanke wa makanikin fuska.

Daga gadon asibiti makanikin ya ce wa kwamitin bincike shi ya yanke kwaɗon, wai yana tare masa hannu. Ya rasa idanu biyu, ya rasa aikin, ya zama abin misali.

Wata siririya a layin baya ta ɗaga hannu.

"Ranka ya daɗe, to ina kwaɗon? Ai ko a yanke yake ya kamata a gani."

"Ba a same shi ba."

"Shi injiniyan fa?"

"Yana nan yana aiki," ya ce.

Kunya ta rufe shi, har ya sallami aji saura minti ashirin a tashi, abin da bai taɓa yi ba.

A gida ya tarar da yayansa a baranda, rediyo manne da kunne. Ya durƙusa ya zare masa baƙin tabarau, ya ɗiga masa maganin yamma a idanun da tabo ya cinye.

"Auta, yau ranar sababbi ce ko? Ka dai zage ni da kyau?" in ji yayan, yana dariya.

"Yaya, yau an tambaye ni kwaɗon. Wallahi na gaji."

"Ka ce ba a gani ba. Haka muka yi da kai."

Ya shige ɗaki ya janyo aljihun tebur. Jan kwaɗon na nan lafiya lau, ko ƙwarzane babu, makulli a jikinsa, kamar yadda ya tsince shi a aljihun rigarsa ranar, awa guda bayan ya sa hannu cewa ya rataya.