Makulli Mai Kifin Roba

"Ke kika kafa dokar a riƙa ajiye makullin a kwanon bakin ƙofa."

"Ni kuma na ce ka bar ƙofar baya hangame ka tafi rumfa kana minshari?"

"Glenys, shekara arba'in da biyu ina jan tirela, ban taɓa sauka daga mota na bar makulli a jikinta ba. Aljihuna yake bi. Sai da kwanonki ya zo."

"Sannu, direban duniya."

Kwana tara ke nan da ake wannan waƙar a gidan. Ranar Lahadi ce, da rana tsaka, Glenys ta dawo daga coci ta tarar an zazzage durowa biyu a ƙasa, kwano babu makulli, farar akori-kurar mijinta Merv ta yi layar zana. Shi kansa sai can ya shigo a ƙasa yana haki, wai ya bi sawun ɓarayin ne. Duk ruɗewarta sai da ta yi masa faɗan farin taɓon da ya kwaso a takalmi, irin na tsohon ramin fasa dutse da ruwa ya cika.

'Yar sandar da ta zo ta zayyano musu dalilai kamar mai karanta farashin kaya. Wasu yara ne masu ɗaukar kansu a waya suna gudu da motar sata, wasu ƙwaya ke kora su, wasu kuma yanka motar suke su sayar gunduwa-gunduwa. Yanzu ai makulli ake shiga gida nema, in ji ta, shi ya sa ba su taɓa talabijin ba, balle 'yan kunnen da ke kan tebur. Merv ya yi ta gyaɗa wa labulen da ke gefenta kai. Da aka ba shi takarda ya sa hannu, sai ya sa a ƙasan layin, ya ce laifin biron ne.

Maƙwabciyarsu Raelene tana da nata bayanin, tana yinsa ta kan shinge da hanci a toshe: baƙi ne daga birni, ta ga idonsu tun a gidan mai. Abin da ya ɗaure mata kai kawai, karen gidan su Glenys da ke yi wa ganye haushi bai ce uffan ba.

Amma ba mota ce ta hana Glenys sakat ba, keke ne. Wajen fita da baya, ɓarayin sun bi ta kan ɗan jan keken jikar Raelene sun murƙushe shi. Yarinyar ta jingine shi ke nan ta shiga shan ruwa. Mutanen da za su yi haka a titi, me za su yi wa tsohuwa in suka same ta a kicin? Tun ranar take tokare ƙofa da kujera, ko shanya za ta yi sai ta kulle gida ta rataya makulli a wuya.

Don haka ta yanke shawara: a sayar da gidan, su koma birnin Brisbane kusa da 'yarsu. Shekara arba'in da shida take cikinsa. Tokar gawar ɗansu na fari, da aka ƙone bayan rasuwarsa, a gindin lemon bayan gida take. Ta je ta tsaya a wurin ta yi kukanta ita kaɗai, sannan ta kira dillali.

Merv ya ƙi. Ya ce ɓarayin ba za su dawo ba. Ta tambaye shi ko sun bar masa wasiƙa ne. Ya ce shi dai ya sani. Ta kwaikwayi muryarsa har da tarin, "Ni dai na sani," ta ƙara da cewa mutumin da jiya ya zuba gishiri a shayi ba shi zai koya mata sanin ɓarawo ba. Kuɗin inshora ma ya hana a nema, wai ciwon kai ne, kuma yawo a ƙasa lafiya ne ga tsoho.

Dillalin ya zo da safe, Mista Petrakis, mai murmushi tun daga bakin titi. Ya yaba lemon, ya ce mai saye zai iya sare shi ya yi wurin ninkaya. Ya baje takardu, ya nemi ta harajin fili.

"Bari in ɗauko," in ji Merv, yana laluben bayan kujera.

"Zauna, tsoho. Kafin ka gano ta an yi Kirsimeti."

Ya kira sunanta sau biyu, ba ta juyo ba. Ta taka kujera ta sauko da gwangwanin biskit ɗin da yake ajiye takardunsa a kan kabad, wanda rabonta da buɗe shi tun suna da baƙin gashi. Ta kife shi a kan tebur.

Takarda ba ta ƙara idan ta faɗi. Wannan ta yi.

Makullin akori-kurar ne, da ɗan kifin robar da jikarsu ta ɗaura masa. A ƙarƙashinsa akwai wasiƙar likitan ido mai kwanan watan Alhamis, kwana uku kafin satar, tana cewa daga yau kada mai wannan suna ya sake riƙe sitiyari. Glenys ta karanta sau biyu. Ta tuna keken, ta tuna karen, sannan ta dubi takalman da ke bakin ƙofa, waɗanda har yau farin taɓon ramin fasa dutsen bai gama fita daga ɗinkinsu ba.

Merv ya juyo da fuskarsa wajen da ya ji ƙarar, kallonsa ya sauka ɗan gefe da ita.

"Kin gani ko," ya ce. "Ɓarayin yanzu akwai tarbiyya. Sun dawo da makullin."