Gaisuwar Injunan Ƙyanƙyasa

Ranar Talata, goma sha ɗaya ga watan Maris, da ƙarfe tara saura kwata na safe, wayar Babban Injiniya ta yi ƙara. Mai gonar kaji ne, tsohon abokin cinikin kamfaninsu, ya tsallake ofishin karɓar koke ya kira shi kai tsaye. Injin ƙyanƙyasa ya dafa masa ƙwai kaf. Ya ƙara da cewa shi dama tun shekara biyu da suka wuce, da injin ya daina kuka sau biyu idan an kunna shi, hankalinsa bai kwanta ba.

Babban Injiniya ya ce lasifikar ce ta tsufa. Ya ba shi haƙuri, ya nemi ya turo masa lambobin da injin ya nuna.

Da lambobin suka iso, ya ga awon zafi ya cakuɗe da lissafin juya ƙwai. Abu ɗaya ya san yana haifar da haka.

Kowane injinsu ƙwaƙwalwa ɗaya gare shi, ayyuka kuwa da yawa: auna zafi, juya ƙwai, kaɗa fanka. Kanal, wato jigon manhajar da ya rubuta da hannunsa tun gashinsa na baƙi, shi ke raba musu lokaci. Kafin ya karɓe ƙwaƙwalwar daga wani aiki, sai ya kwashe duk abin da ke cikin rajistocinta, 'yan aljihunan nan da ake riƙe lambobi a ciki, har da alamar inda aikin ya tsaya, ya adana. Idan layi ya zagayo, ya mayar da komai mazauninsa. Babban Injiniya ya sha gaya wa 'yarsa, tun tana koyon sana'ar a gabansa, cewa kyan kanal shi ne aiki ya ci gaba bai san an taɓa ajiye shi gefe ba.

A injin mai gonar kaji, an bar rajista ɗaya ba a adana ba. Shi kuwa kanal ɗinsa bai taɓa mantuwa irin wannan ba.

Ya juya ga injin gwaji da ke kan teburinsa, ya kunna. Injin ya yi kuka sau biyu, kamar yadda kanal ɗinsa ke sa kowane inji yi. Ya yini yana ƙoƙarin tilasta masa yin kuskuren, ya ƙi.

Wannan ɗaki na saman bene ƙaninsa, Manaja, ne ya keɓe masa bayan doguwar jinyar da ya yi shekara biyu baya. Ranar da ya dawo, ya tarar an hau da teburinsa sama, komai yadda ya bar shi, har fensirin da ya karye baki. Manaja ya ce likita ya hana shi hayaniyar masana'anta. Tun daga nan 'yarsa ke hawowa kowace Alhamis ta karɓi gyare-gyarensa, ta kai ƙasa a ɗora wa injunan da ke gonaki.

Ya kira ta ya nuna mata lambobin.

"Zan duba, Baba," ta ce, idonta a kan fensirin.

Zarginsa ya faɗa kan Dogo, shugaban masu haɗa injuna, wanda ya daɗe yana gunagunin cewa kanal ɗin ya cika nawa. Wanda ya rage rajista ɗaya don neman sauri, ai mai gaggawa ne. Ya kai wa Manaja maganar. Manaja ya yi dariya, ya ce Dogo ko agogon hannunsa bai iya saitawa ba, balle kanal. Ya roƙi Yaya ya bar masa mai gonar kaji, shi zai lallashe shi, kada jini ya hau.

Babban Injiniya ba ya kama mutum sai da hujja. A makarantar da ya yi, wanda ya kawo amsa ba tare da aikinta ba sifili ake ba shi. Saboda haka a cikin gyaran wannan makon ya ƙara layi uku, bai gaya wa kowa ba. Duk injin da ke ɗauke da kanal ɗinsa, da zarar ya karɓi gyaran, zai aiko wa kwamfutarsa gaisuwa da lambarsa. Waɗanda suka yi shiru, su ne aka taɓa.

Alhamis ya miƙa wa 'yarsa. Juma'a da yamma ta hawo ta ce an ɗora wa duka. Manaja ya biyo ta, Dogo na bayansa yana murmushi.

"Yaya, kai ne rufin asirin gidan nan," in ji Manaja, ya riƙe hannunsa da hannu biyu. "Matsala ta kau."

Babban Injiniya ya amsa da girma. Har ya ji tausayin Dogo, wanda bai san ramin da ke gabansa ba.

Ya ba injunan kwana uku, saboda gonakin da ke nesa da sabis. Litinin da safe ya fere fensirinsa, ya ja layi a tsakiyar farar takarda. A dama ya rubuta adadin injunan kamfanin da ke aiki a gonaki: ɗari shida da goma sha biyu. Hagu kuma na waɗanda suka gaishe shi ne. Ya yi tsammanin goma za su ɓace, ko ashirin idan Dogo ya yi nisa.

Ya buɗe kwamfutar. Ya daɗe yana kallo. Ya tuna kukan da mai gonar kaji ya daina ji shekara biyu, ya tuna idon 'yarsa a kan fensiri. Ashe tun yana jinya aka cire kanal ɗinsa daga injunan gonaki. Daga ƙasa yana jiyo muryarta tana ba ma'aikata umarni.

Sannan ya gyara tabarau, ya rubuta a hagu da kyakkyawan rubutunsa: ɗaya, wanda ke kan teburina.