Maƙeri da Gangar Kan Dutse

Ka ce wata uku kana shan maganin ƙarin jini, kana cin hanta da zogale, amma har yanzu jiri kake ji in ka miƙe, kuma gyambon ƙafarka da likita ya ce a wanke ka ce wannan ba komai ba ne. To, gyara zama ka ji wani misali.

An yi wani maƙeri a wani gari da ke gindin dutse, shi kaɗai ne mai maƙera a garin. Fartanya da garma da lauje duk daga hannunsa suke fitowa, haka ma kibiya da mashi. Ka'idar garin tun kaka da kakanni ita ce, in mai gadi ya hango maƙiya daga kan dutse ya buga ganga, maƙeri zai ajiye duk abin da ke kan uwar maƙera ya koma ƙera kibau, ba zai daina ba sai gangar ta yi shiru. Shi dai ba ya ganin maƙiyan, yana cikin rumfarsa, kunnensa ne idonsa. Wata shekara da rani ɓarayin shanu suka faɗo wa garin. Ganga ta tashi, maƙeri ya ture fartanyar da ya fara, kwana uku yana zuba kibau, aka kori ɓarayin, kowa ya sa masa albarka. Sai dai ba duka suka tafi ba. Mutum huɗu ko biyar suka maƙale a sarƙaƙiyar bakin rafi, mutanen gari kuwa suka ce 'yan tsiraru ne, ba sai an sha ƙaya a kansu ba. Kullum da safe mai gadi ya hango hayaƙinsu sai ya buga ganga, don aikinsa ke nan. Kullum maƙeri ya ji ganga sai ya kama kibau, don shi ma aikinsa ke nan.

Haka aka ci rani har bazara ta kawo kai. Ƙarfen da ya tanada don kayan noma ya tafi a kibiya, tsofaffin garemani da aka kawo gyara ma ya sare su ya mayar kibiya. Saboda sauri, kibau ɗin ma suka daina kyau, wasu ko akuya aka harba sai su lanƙwashe. Abin yana damunsa ƙwarai, don ya san ruwa na tafe kuma ya san abin da ke rumbunan mutane, amma duk ranar da ya ɗauko ƙarfen fartanya ya sa a wuta, kafin ya yi ja ganga ta tashi. Ruwa ya sauka, aka yi shuka, ciyawa ta taso, gida mai manoma shida fartanya biyu ce ke yawo tsakaninsu. Sai gari ya yi ca a kan maƙeri, wai tsufa ya kama shi, wai ya zama malalaci. Mai gari ya aika masa da ƙarfe da buhunan gawayi, har da sabon zugazugi. Ƙarfen ya zo da hantsi, kafin azahar ya zama kibau. Da mai gari ya zo da kansa yana faɗa, maƙeri ya ajiye masaba ya ce, "Ranka ya daɗe, ba ƙarfe na rasa ba. Ku je bakin rafi ku yi abin da zai sa gangar nan ta yi shiru, gobe ku zo ku karɓi fartanya." Mai gari ya ce maƙeri bai isa ya koya masa sarauta ba, ya ƙara aiko da ƙarfe. Da kaka ta yi, kowane gida kwari cike da kibau, rumbu kuwa ko rabi babu.

Maƙerin nan ɓargon da ke cikin ƙashinka ne. A nan ake ƙera jajayen ƙwayoyin jini masu ba ka ƙarfi, a nan kuma ake ƙera farare masu yaƙi da cuta. In wani wuri a jiki ya kumbura, saƙo yake aikawa, ɓargo ya rage komai ya duƙufa kan mayaƙa. Na 'yan kwanaki wannan rahama ce. Amma in kumburin ya zauna wata da watanni, ɓargo ba ya samun sukunin komawa aikinsa na kullum, jini ya yi ta raguwa komai yawan abin da kake ɗura masa. Kai kuma ka bar gyambo yana ruwa kana ta zagayen kantin magani. Irin wannan ne Hausawa ke cewa, an bar jaki ana dukan taiki.