Shafin da Ta Naɗe

Likitan ya ce, "Madam, jini ne ya daskare a huhun 'yarki. Ba mai iya ganewa da wuri."

Uwar, da ta taso tun daga Paris, ko hawaye ba ta yi ba. Saura wata biyu yarinyar ta gama karatun jinya a Lyon. Sau uku tana zuwa asibitin nan dafe da ƙirji, suna sallamarta da dariya, wai ɗalibai duk cutar da suka karanta sai su ce ta kama su.

Uwar ta zaro littafin karatun marigayiyar, ta buɗe shafin da yarinyar ta naɗe, mai bayanin daskarewar jini a huhu, ta dangwara wa likitan.

"Ni ban yi boko ba, likita. Ita ta yi, ta kuma nuna muku nan. Karanta mini, da ƙarfi."