Gemun Tela da Askar Gado

Kawu, tun da na dawo kake tambaya ta abin da na samo a yawon nan nawa na shekara takwas, tunda dai ba ka ga na shigo da mota ba. To ga ɗaya. Wani dattijo mai masaukinmu ne ya buga mini wannan misali, yadda na ɗauko shi kuma haka zan sauke maka.

A wani zangon baƙi, can ƙasar da ba a jin harshenmu, akwai waɗanda rikici ya koro daga garuruwansu, akwai waɗanda neman abinci ya kai. Wanzaminsu ɗaya ne, tsoho, askarsa ma ɗaya. Ta ubansa ce. Ranar gudu ya bar gida da awaki a baya, amma ita sai da ya cusa ta a zabira. Duk safiyar Juma'a maza kan jeru a gindin mangwaro, ya wasa askar a fata, ya kwashe wannan kai, ya goge ta a tafin hannu, ya jawo na gaba. In an ɗan yanki mutum, a danna auduga a wuce. A zangon nan kuwa, ka zo da rezarka daidai yake da ka ce ƙyamar 'yan'uwanka kake yi, don haka ba mai yi.

Ana nan sai wani tela ya yi zazzaɓi mai naci. Ya je asibiti aka gwada jininsa, aka samu yana ɗauke da cutar ƙanjamau. Aka ɗora shi a kan magani, kullum ya sha, cikin 'yan watanni ya murmure har kumatu suka fito. An gaya masa cin tuwo kwano ɗaya ba ya yaɗa ta, musabaha ma haka, amma ya kiyayi haɗa abin yanka da kowa. To a nan gizo ke saƙa. In ya hau layin aski, ya cuci 'yan'uwansa. In ya zo da rezarsa, ya tona wa kansa asiri. Ya gwada yi wa kansa a ɗaki, kan ya fito kamar gonar da awaki suka shiga, ya kifa hula ya haƙura. Suma ta taru, gemu ya sauko. Wani mahauci mai bakin tsiya, duk ya gan shi sai ya ce, "Malam tela, gemun nan na sayarwa ne, ko katifa za ka cusa?" Tela ya yi dariya a fili, amma a ɗaki har ya fara ɗaure kan keken ɗinkinsa, zai bar zangon ya tafi inda ba wanda ya san shi, ba kuma mai ce masa sannu da harshen uwarsa.

Wanzami ya ji haushin ƙauracewar, ya taka har shagonsa. Ya ce, "Ɗana, na taɓa yanke maka kunne ne?" Tela ya rufe ƙofa ya gaya masa gaskiya. Tsoho ya daɗe yana kallon hannunsa. Sau nawa askar nan ta lashi jinin wani ta hau kan wani, sau nawa ta yanki babban yatsansa shi kansa? Da zai fita ya ce, "Kwance kayanka. Ba inda za ka."

Juma'a ta zagayo, aka tarar da askar gado a rataye a reshen mangwaro cikin kubenta, ga kwalin sabbin reza a kan tabarma. Wanzami ya ce, "Jiya na je an gwada jinina. Shekara arba'in ina wasa da jinin mutane, ban taɓa duba nawa ba. Daga yau kowane kai da rezarsa, mai son a yi masa ƙaho ma ya zo da nasa. Wanda ya ji haushi ya ji da ni." Sai ya ɗaga hannu: "Tela, taso, da kai za a fara, tun tsuntsaye ba su yi sheƙa ba." Aka kwashe da dariya, tela ya zauna, aka ɓare sabuwar reza. Mahauci ya ce in Baba ya miƙa hannu an ɗebi jininsa, shi wane ne? Ranar Litinin mazan zangon suka ɗunguma asibiti kamar masu rakiyar ango. Kowa ya shiga shi kaɗai, kowa ya riƙe sakamakonsa a cikinsa. Tun daga nan kuma akwai kwaroron roba a wani aljihun zabira, mai buƙata ya zura hannu, tsoho ya ɗaga kai yana ƙirga 'ya'yan mangwaro.

Ranar karɓar magani ta wata mai zuwa, tela ya shiga asibiti, kai fes, sai ga mahauci a kan benci. Shi ma an gano tasa cutar da wuri, tun ba ta kwantar da shi ba. Suka dubi juna. Mahauci ya matsa ya yi masa wuri, ya ce, "Ashe gemun nan ba na katifa ba ne." Tare suka koma gida, tare suke zuwa har yau, kuma mai riga tashi shi ke tuna wa ɗan'uwansa lokacin shan magani.

Shi ya sa jiya ka ga na je wurin wanzaminka da rezata, Kawu. Ba raini ba ne. Hausawa suka ce, in ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa.