Kunamar Litinin da Kwanon Ɗakinmu

Peso ɗari uku? Don wani ɗan ƙwallo ya ja maka layi a bayan riga? Anselmo, ko kunya ba ka ji ba da ka buɗe baki ka tambaye ni? Ni da ban taɓa zama a aji ba, na fi ka sanin abin da biro ke jawowa. Zauna. Ku ma ku zauna, ku ji abin da sa hannu ya yi wa kakanku.

Kakanku Crisóforo, Allah ya jiƙansa, bakanike ne na gaske, amma maƙo kamar ya kashe shi. Shekara biyu ɗakinmu yana yoyo. Damina ta kama, uwarku tana jaririya, tari ya sa ta gaba. Ƙarƙashin tebur nake kwantar da ita, in jera tukwane a kan gado. In na yi maganar sabon kwanon rufi sai ya ce, "Tomasa, ba ki san wuyar kuɗi ba. Ƙara tukunya."

Amma ran Litinin kuɗi yakan fito, don ran nan ake kokawa a Puebla. Akwai wata 'yar kokawa da ake ce wa Kunama, a rufe take daga kai har ƙafa cikin baƙi da ja. Haka sana'ar take, wanda ya rufe fuska ba ya buɗe wa kowa. Ko magana ba ta yi. In an tashi sai ta zauna bakin ƙofa, wani da ake ce wa Don Nicanor, mai kula da harkarta, yana karɓar kuɗi, ita tana sa hannu a hotuna. Suna ma ba ta rubutawa. Kunama take zanawa, wutsiya a sama. Mutane suka ce salo ne.

Kakanku ne na farko a layi kullum. Ni kuwa ran Litinin nakan goya uwarku in tafi Cholula wurin innata Eduviges, in dawo Talata ina ɗingishi. Na ce masa matakalar gidanta ce, bai sake tambaya ba. Shi dai hotuna yake liƙawa a bangon da ruwa ba ya taɓawa.

"Kin ga mace?" in ji shi.

"Takarda na gani."

"Baƙin ciki ne ke cin ki, baƙauyiya. Wannan da hannu ɗaya za ta ɗaga ki."

Tarin yarinya ya ƙaru, har numfashinta yana fito. Likita ya ce danshin ɗaki ne, in ba a gyara ba kada mu zo masa da kuka. Kakanku ya ce likitoci duk bakinsu ɗaya.

Litinin ta gaba Don Nicanor ya ja kakanku gefe. Wai Kunama za ta sayar da hular da take rufe fuska da ita, da zanenta a ciki, kuma wani mahauci har ya taya. Mahauci! Kakanku ya ji abin har ƙashi. Talata ya sayar da babur ɗinsa, ya dawo gida a ƙafa, rungume da hula mai warin zufa.

Ran Alhamis mota ta sauke kwano ashirin da biyu a ƙofar gida.

"Daga ina?"

"Inna Eduviges ce ta tausaya."

"Kin ga dangin arziki," ya ce. Ya hau sama ya buga da kansa, yana waƙa. Kafin wata ya ƙare tari ya tafi. Ga uwarku can, bakinta ya fi na kowa ƙarfi.

Shekara talatin yana goge ƙurar hular nan. Har ya mutu yana cewa bai taɓa ciniki mai kyau irinsa ba, ban kuwa taɓa musa masa ba. To sa hannu yana da riba? Sai ka duba ɓangaren teburin da kake zaune, na mai sa hannu ko na mai biya.

Yanzu kowa ya wuce ya kwanta. Kai kuma Anselmo, kada in sake jin maganar peso ɗari uku. Gwiwa ce kawai ta lalace. Hannun nan da ya zana wa kakanka kunama arba'in da bakwai har gobe zai ɗaga ka sama ya maka da ƙasa.