Kujerar da Ke Cikin Duhu

Kafin Borka ta gama zuba kofi, mutanen talabijin sun riga sun hargitsa mata falo. Sun ja labule, sun kafa fitila, sun ajiye kujera biyu: ɗaya a tsakiyar haske, ɗaya a lungu inda fuska ba za ta fito ba.

Shirin na lafiya ne. Duk mako yakan nuna gidan da caca ta cinye, likita ya yi bayani cewa ciwo ne kamar hawan jini, ba abin kunya ba. Gidan da ya yarda aka ɗauke shi kuwa, ana ba shi gado ɗaya kyauta na wata uku a wani asibiti a Belgrade, babban birnin ƙasar. Stanimir, mijin Borka, direban bas a garin Leskovac, shi ya rubuta musu wasiƙa. Gajeriya ce: mun gwada komai, gonar inabi ta tafi, ku taimake mu kafin gidan ma ya bi ta.

Tijana, mai gabatar da shirin, ba ta tambayi kowa komai ba. Wannan ne gida na goma sha tara da ta shiga, ta san yadda ake zama. Ta ja hannun rigar Stanimir.

"Kawu, kai can cikin duhu. Za mu sauya maka murya, ko wadda ta haife ka ba za ta gane ka ba. Anti, ke zo nan haske. Kar ki goge idon, haka muke son shi."

Stanimir ya buɗe baki. Ya dubi matarsa, malamar da ta koya wa rabin yaran unguwar karatu, tana tsaye da farantin kofi. Sai ya rufe bakin, ya je ya zauna.

Bai iya hira ba. Aka tambaye shi wace irin caca, ya yi ta kame-kame har sai da Borka ta ce, "Inji. Mai hoton 'ya'yan itace." Aka tambaye shi me yake ji idan ya danna, ya ce bai san yadda zai faɗa ba.

"Wai shiru ake ji," in ji Borka, idonta a ƙasa. "Duk duniya ta yi tsit, babu mai neman komai a wurinka."

Tijana ta tafa. "Ka ji ko, Kawu? Ta fi ka sanin ciwonka. Irin wannan matar ka sa kuka. Sake faɗa, Anti, ki ɗan kalli kyamara."

Ranar Alhamis aka watsa. Sun cika alkawari, fuska ba ta fito ba, murya kuma kamar daga rijiya. Amma ba a barin masu kallo da baƙin allo, don haka duk lokacin da yake magana hannuwansa aka nuna. Babban yatsansa na dama guntu ne, wuƙar yankan inabi ta ci shi tun yana saurayi. Duk wanda ya taɓa shiga bas a Leskovac ya karɓi tikiti daga wannan hannun.

Washegari wani fasinja ya ɗaga murya daga baya: "Direba, yau ayaba ta fito ko lemo?" Motar ta ɗauki dariya. Wata mata ta sauke 'yarta a tasha ta gaba. Kafin sati ya zagayo an ce masa a wurin aiki ya huta a gida sai an neme shi.

Borka kuwa furanni iyayen yara suka riƙa kawo mata. A coci tsofaffin mata suka sumbace ta, suna cewa ladanta na wurin Allah. Yayanta ya taso tun daga ƙauye, ya tofa wa Stanimir yawu a tsakar gida. Stanimir ya goge da hannun riga. Da yamma ya zauna ya fere mata tuffa, ɓawon bai tsinke ba, kamar yadda ya saba shekara ashirin da biyu.

Ana gobe tafiya ya kira Tijana. Ya tambaya a hankali ko ana iya sauya sunan da ke kan takardar asibiti, don shi dai ba ya bukatar gadon.

Ta yi dariya. "Duk haka kuke cewa in rana ta zo, Kawu. Likita ya ce musu ma alamar ciwon ne. Ɗakin maza ne, sunanka ne, ƙasa duka na jiran ta ga ka shiga. In ka ƙi, mu dawo da kyamara ka yi wa mutane bayani, kai da Anti, a haske."

Da safe motar masu shirin ta zo. Maƙwabta suka cika tagogi. Stanimir ya gyara wa Borka wuyan riga, ya ce a kunnenta, "Malama, wata uku ne kawai. Ki riƙe min kanki."

"Anti, sake rungume shi, ba mu ɗauka ba," in ji Tijana.

Borka ta sake rungume shi.

Motar na shan kwana Borka ta shiga gida. Ta zauna, ta tashi, ta leƙa ɗaki, ta fito. Kafin tsakar rana ta sa kwat ɗinta, ta wuce gidan burodi, ta wuce kantin magani, ta tura wata ƙofa mai baƙin gilashi a bayan kasuwa. Mai shagon cacar ya miƙe yana washe baki.

"A'a, tauraruwarmu! Injinki na can lungu, ban bar kowa ya taɓa ba. Wallahi mun sha dariya da muka ga mijinki a shirin, Malama. Mutumin da ko sau ɗaya bai taka ƙofar nan ba sai in ya zo janye ki."